Sawun Ƙaramar Gingimari

Kafin Mai Sawu ya iso layin, mutane sun riga sun gama shari'arsu, hukunci kawai ya rage. An kama Gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa, an kulle shi a shagon Mai Walda, majiya ƙarfi sun tsaya a bakin ƙofa kowa da abin duka a hannu. Hujjarsu ɗaya, wai jiya da yamma an ga ya wuce da amalankensa. Mutumin da ko zazzaɓi yake yi sai ya bi ta layin nan!

Abin da aka sace kuwa, in ka gaya wa baƙo dariya zai yi. Mota ce, gingimari, amma tsawonta bai fi hannun babban mutum ba. Sai dai a layin babu mai yi mata dariya. Mai ita tsohon maƙeri ne da ƙafafunsa suka mutu, yana zaune a keken guragu, ana ce masa Baba Magagari, saboda tun safe har yamma ba abin da ke fitowa daga ɗakin aikinsa sai kukan magagari yana cin ƙarfe. Shekara da shekaru yana ƙera motar nan, kuma mata sun daɗe suna jan hannun 'ya'yansu idan sun zo wucewa ta tagar.

'Yarsa Auta ce ta je ta ɗauko Mai Sawu. Shi kuwa a bin sawun dabbobin sata da mutanen da suka ɓace a daji ya tsufa, yanzu gwiwa ta ƙi, sai da sanda. An yi yayyafi da asuba, gari ya yi luf, hadarin bai gama washewa ba.

"Malam, kada ka wahalar da kanka," in ji wata tsohuwa da ke leƙe ta katanga. "Ba Gwangwan ba ne, ba kowa ba ne. Da kanta ta tafi. Shiga ka gani."

Ya shiga. Mai Sawu ba mai saurin tsorata ba ne, amma da ya durƙusa ya dubi ƙasan ɗakin, sai da ya yi salati. Garin ƙarfe da na tagulla ya kwanta ko'ina kamar toka. A cikinsa ga layi biyu sirara, kowanne da zanen taya tsaf, sun fito daga ƙarƙashin teburi, sun kewaye maƙera a hankali, sun miƙe har bakin ƙofa. Babu tafin ƙafar mutum ko ɗaya a kusa da su. Kwaɗon ƙofa kuma lafiyarsa ƙalau.

Ya daɗe a durƙushe kafin idonsa ya koma kan wata doguwar roba da aka shimfiɗa daga ƙofa zuwa teburi don keken Baba. Roba ba ta riƙe sawu. Mutum zai iya bi ta kanta a sunkuye, yana tura motar a gefe. Ya bar wannan a cikinsa, bai gaya wa kowa ba.

* * *

Mai Kanti ne ya turo Baba. Maƙwabcinsu ne, dattijo mai ƙaramar murya, wanda tun da ya kama shago a layin ya ɗauki Baba kamar ɗan'uwansa na jini. Shi ke ɗaga shi daga gado, shi ke yi masa wanka, shi ke mayar da shi ya kwantar. Ya tsayar da keken, ya tura wasu 'yan itace biyu gindin taya da ƙafa, ya gyara masa mayafi, ya ja gefe.

"Baba, me zai sa ɓarawo ya tura ta a ƙasa, bai ɗauka ba?" in ji Mai Sawu.

"Tana da sarƙoƙi a ƙofar bodi. In ka ɗaga ta sai sun yi ƙara. Ga ɗakina nan kusa, kuma barcina ba nauyi."

"Wa ya san haka?"

"Duk mai shigowa nan."

Mai Sawu ya jawo wani gwangwani da ke kan teburin ya zazzage. Bambobin mota ne ƙanana, da yawa, kowacce an goge ta sumul kamar cokali, sannan an sa guduma an lanƙwasa gefenta na hagu.

"Ikon Allah. Ka ƙera abu mai kyau, ka kuma ɓata shi da hannunka?"

"Haka ta ainihin motar take," in ji Baba. "Na sha wahala kafin lanƙwasar ta zauna. Ta ƙarshe ma hannuna ya gaji, ƙanena ne ya karɓi gudumar ya buga mini." Ya nuna Mai Kanti da haɓa. "Malam, ba abin wasa nake ƙerawa ba."

Sai ya faɗi abin da kowa a layin ya sani. Da can yana da ƙafafunsa, wata rana ya goyo matarsa a babur, gingimari ta kwashe su a wata kwana inda babu kowa. Da ya buɗe ido, a ƙarƙashin motar ya ga kansa.

"Kowa daga goshi yake gane mota. Ni daga cikinta na fara saninta, shi ya sa daga nan na fara. Sifirin ɗinta da ƙarfen tsohon agogon bango na yi, falle-falle, na ɗaure su. Tankinta bututun tagulla ne. Sarƙar nan da waya na yi ta, ido-ido, da awartaki. Tayoyin da reza na yanka. In na ƙera abu na duba na ga ba haka na gan shi a ranar ba, sai in jefar in sake. Fitilarta ɗaya zagaye ce, ɗaya mai kusurwa. Matakalar direba rodi ne aka lanƙwasa aka yi wa walda. Duk na sa mata."

"Lamba fa?"

"Ban gani ba. Fuskar direban ma ban gani ba, ƙafafunsa kawai. Ya sauko, ya je ya tsuguna a kan matata. Ina hango bakinta yana motsi, Malam, magana take yi masa. Ya miƙe ya hau, ya ja motar a hankali don kada ya taka ni, ya tafi." Ya ɗago ya dubi Mai Sawu. "Ba ɗaure shi nake so a yi ba. Maganar matata ta ƙarshe tana wurinsa. Ita nake so ya ba ni."

Jiya ya gama motar. Yau aka shirya Mai Kanti zai tura shi tashar manyan motoci, a ajiye ta gaban tsofaffin direbobi, don mota mai irin waɗannan tabo ba za a rasa wanda ya san mai ita ba. Baba ya ɗaga hannayensa biyu, suna rawa kamar ganye.

"Waɗannan ba za su iya wata ba."

* * *

Da aka buɗe shagon walda, Gwangwan na rakuɓe a bayan tukunyar gas, leɓensa a kumbure.

"Malam, ni a kilo nake saye," ya ce. "Wannan motar ko kyauta aka ba ni ba na ɗauka. Ranar da na leƙa tagar, wallahi fitilunta bina suka yi da kallo har na sha kwana."

"Kai da ko murfin tukunyar uwarka za ka auna," in ji Mai Walda.

"Kai fa? Ba kai ka yi ta roƙo a sayar maka ka kafa a saman shago ba?"

Mai Walda ya kau da kai. Hannunsa na dama a naɗe yake da tsumma, kuma motar tana da kaifi a gefuna. Mai Sawu ya sa shi ya kwance. Ƙuna ce, har ta fara bushewa, ba yanka ba.

"Na roƙa, ban musa ba," in ji Mai Walda. "Aikin ne ya burge ni. Amma in tambaya kake, tambayi 'yar gidan. Kowa ya ji ta rantse sai ta jefa motar nan a rijiya."

Auta ba ta ɓoye ba. Tana tsaye a bakin madafa, idanunta sun yi ja.

"Na faɗa, kuma har yanzu ban fasa so ba. Waccan ta kashe mini uwa, wannan ta cinye mini uba. In na kawo masa abinci sai ya huce bai duba ba. Wani lokaci ina jinsa yana yi mata magana. Amma ban taɓa ta ba, Malam. Da zan iya, da tun tana ƙashi na yi."

"Makullin ɗakin guda nawa ne?"

"Nawa, da na Baba, da na Kawu." Mai Kanti take nufi. "Kawu kuwa kada ma ka ɓata bakinka. Ko motar haya ba ya shiga, tsoron mota yake kamar me. Ko'ina a ƙafa yake zuwa."

* * *

Ta gaba titi ne, da idanun mutane, don haka Mai Sawu ya bi lungun bayan gida. Yayyafin ya wanke komai, ƙasa ta yi sumul kamar ba a taɓa takawa ba. Sai a bakin ƙyauren baya, inda ɗan kwanon rufi ya tare ruwa, ya sami busasshen wuri. A nan aka ajiye motar don a buɗe ƙyauren. Ga shatin tayoyinta a yashi.

Ya tsura wa wurin ido. A gaban shatin tayar baya akwai ɗan dutse, a bayansa ma akwai wani, tsakaninsu daidai faɗin tayar. Tayoyin gaba kuma an murɗa su sun kalli bango. Ya kwantar da sandarsa a ƙasa, ba ta gangara ko'ina ba. Wurin a shimfiɗe yake kamar tafin hannu. To me ake tsoro?

Ya tsince duwatsun ya sa a aljihu.

A gindin bishiyar da ke bakin tsohuwar rijiya ya sake samun shatin, da duwatsu biyu, da tayoyin gaba a murɗe. Kusa da su ga gurbin gwiwoyi biyu sun nutse sosai. Wani ya daɗe a durƙushe a nan. Mai Sawu ya leƙa rijiyar, ganyen da ya rufe fuskar ruwan bai motsa ba. An zo da niyyar jefawa, an kasa.

Gaba kaɗan akwai kangon wani gida da aka bari ba a ƙarasa ba. Ciki duhu-duhu, ruwa na ɗiga daga rufi, wani wari na sanyi. A ɗaki na ƙarshe ya gan ta. An jera ta daidai da bango, goshinta na kallon ƙofa. An lulluɓe bodinta da buhu, an ɗaure da igiya, irin ɗaurin da ake yi wa kaya a doguwar tafiya. Hasken da ya biyo shi ya faɗa kan fitilun nan biyu da ba su yi kama da juna ba, suka ƙyalla. Mai Sawu ya ji ya ja da baya ba tare da ya yi niyya ba.

Ya sunkuya ya leƙa gidan direba. Ga sitiyari, ga giya, ga kujera har da ɗinkinta. Babu kowa a kai. A ƙasa kuma, gaba da bayan tayar, ga duwatsu biyu.

Nan ya tuna inda ya ga irin wannan yau da safe. Ya zauna a kan wani bulo ya daɗe. A rayuwarsa bai taɓa bin sawu ya yi fatan da ma ya ɓace masa ba sai yau. Amma akwai mutum a kulle da kumburarren leɓe, akwai kuma tsoho da ke jiran magana ɗaya.

* * *

Mai Walda ne ya ɗauko motar. Yana tafe sarƙoƙinta na ƙara, cas, cas, mata na rufe tagogi. Aka ajiye ta a tsakar gidan Baba, kan siminti. Aka kawo Gwangwan. Auta ta fito, 'yan layi suka cika ƙofa.

Mai Sawu ya shiga ɗakin aiki kamar zai gaida Baba, ya sa sanda ya ture 'yan itacen nan biyu ƙarƙashin teburi. Ya fito ya ce wa Mai Kanti, "Taimaka ka fito mana da shi."

Mai Kanti ya turo keken har tsakiyar gida. Da Baba ya ga motarsa, sai ya ƙura mata ido. Shi kuwa Mai Kanti ya tsayar da keken, ya taka birkinsa, ya duba ƙasa bai ga itacensa ba. Sai ya waiga, ya je gindin bango ya ɗauko ɓarin bulo biyu, ya sa ɗaya gaban taya, ɗaya bayanta. Ya sa ƙafa ya juya ƙananan tayoyin gaba suka kalli bango. Da ya ɗago, ya ga Mai Sawu shi yake kallo.

"Keken nan yana da birki," in ji Mai Sawu. "Simintin nan kuma ko ruwa ka zuba bai san inda zai bi ba. Waigin nan da ka tokare taya da shi na mene ne?"

"Sabo ne kawai."

"Na sani. A ina ka saba?"

Ya buɗe tafin hannunsa, ga 'yan duwatsu. "Waɗannan a ƙyauren baya na tsince su, waɗannan a bakin rijiya. Wanda ya ɗauki motar nan bai iya ajiye ta ya juya baya ba sai ya sa mata waigi gaba da baya, ya murɗa kanta gefe, ko da a shimfiɗaɗɗen wuri. Mai Walda, su wa ke haka?"

Mai Walda ya ce, "Direbobin manyan motoci. Tun suna yaran mota ake dukansu a kai."

"Haba Malam!" Auta ta yi tsalle ta shiga tsakani. "Kawu ne fa! Ka san abin da mutumin nan yake yi mana?"

"Na sani, 'yata. Shi ya sa ban so na zo nan ba. Ɓarawon ƙarfe da ya farfasa ta. Ke da kin jefa ta a rijiya. Wannan lulluɓe ta ya yi don kada ruwa ya taɓa ta. Kuma da an je tasha yau, ba motar kaɗai tsofaffin direbobi za su gane ba."

Baba bai juya ba. Idonsa na kan bambar motar, kan lanƙwasar nan ta hagu.

"Bugu ɗaya ka yi mata ta zauna," ya ce wa Mai Kanti a hankali. "Na ce hannunka na da sa'a."

Mai Kanti ya matso. Ya durƙusa a gefen keken.

"Yaya..."

"Me ta ce?"

"Yaya, birki ne ya ƙi, wallahi na yi..."

"Ban tambaye ka birki ba. Me ta ce maka?"

Mai Kanti ya rufe fuska da hannu biyu.

"Ta riƙe bakin wandona. Ta ce, bawan Allah, ƙyale ni, ka duba mini shi. Sau biyu ta faɗa. Ka duba mini shi."

Auta ta toshe baki ta zame jikin bango.

"Sai ka tafi," in ji Baba.

"Na tafi, Yaya. Tsoro ya kama ni. Na sayar da motar a nesa, ban sake zama a bayan sitiyari ba. Na yi ta nemanka har na gano inda kake, na kama shagon nan. Kullum sai in ce yau zan faɗa."

"Kana riƙe mini ƙarfe ina gogawa. Kana jina ina cewa, ko me ta ce, ko me ta ce."

Majiya ƙarfin da ke ƙofa suka fara gunaguni suna matsowa, Mai Sawu ya gitta sandarsa a gabansu. "Ku da kuka fasa wa wannan baki a banza, ku fara ba shi haƙuri tukuna." Suka sunkuyar da kai. Gwangwan ya ratsa su ya fita bai kalli kowa ba.

Yayyafi ya dawo. Mai Kanti ya miƙe, hannunsa ya kai ga mariƙin keken kamar kullum.

"Auta," in ji Baba. "Kai ni ciki."

Ita ta ture bulon, ita ta tura shi. A bakin gado ta kasa ɗaga shi, sai da Mai Walda ya kama kafaɗu, Mai Sawu ya jingine sanda ya kama ƙafafu. Ba su san inda ake riƙewa ba. Bayansa ya bugi katakon gadon, ya cije leɓe har jijiyar wuyansa ta tashi, amma bai kira kowa ba. Ta taga Mai Sawu na hango Mai Kanti a tsakar gida, ruwa na dukansa, bai matsa daga inda aka bar shi ba.

Baba ya juya fuskarsa bango. Suna jinsa yana maimaitawa ƙasa-ƙasa, ka duba mini shi, ka duba mini shi. Can ya ce, "Ku gaya masa gobe kada ya zo."

"To wa zai ɗaga ka, Baba?" in ji Auta.

Ta tsaya tana jira, Mai Sawu ma ya tsaya da sandarsa a hannu.